Kabarin da Inna Ta Ƙi Nunawa

A gidanmu na Bahindi, da an yi magariba kakarmu Inna Delu kan zauna bakin murhu tana bandar kifi, mu jikoki mu kewaye ta. Ba mace ce mai wasa da yara ba, tatsuniyarta ma babu dariya a ciki. "Ku matso," takan ce, "ga wata nan ta taho, amma ba ta da daɗi."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wani ɗan masunta da ya yi boko har ya shiga cikin shugabannin majalisar jiha na farko. Uwarsa kuwa tana zaune a tsallaken iyaka, ƙasar Benin, inda aka haife ta. 'Yan hamayya suka ce baƙo ne, a sauke shi. Sai ya miƙe a majalisa ya rantse ba shi da kowa a can. Ba a jima ba uwar ta rasu. Aka aika masa, ya ƙi zuwa jana'iza don kada a ga ya ƙetara.

"Kujerag ga da yar riƙe," Inna kan ɗaga murya tana fuskantar zaure, "ko damana guda ba ta ƙara ba soja sunka kore su. Yad dawo shina tambayar kabari. Mu ko ba mu sa ma kabari suna, tukunya ɗai muka kihewa. Ƙanwatai kaɗai tas san wurin."

"Ta nuna mishi?" mukan tambaya.

"Ba ta nuna ba."

Sai da na yi wayo na gane dalilin fuskantar zauren. Tsohon nan da ke zama can da rediyonsa a kashe, Baba Alhaji, yayan Inna ne. Duk shekara bayan girbi yakan roƙe ta ta nuna masa kabarin uwarsu, takan ce sai baɗi. Yana cikin roƙon nan ya mutu.

Bayan sadakar arba'in Inna ta sa aka kai mu maƙabartar tsallaken iyaka a babur, ni da ita. Tafiyar ko awa ɗaya ba ta kai ba. Ta tsaya gindin wata kanya tana duba ƙasa, ta koma gindin wata, ta sake dawowa. Tukwanen duk sun nutse.

Ina ƙarama na ɗauka labarin gargaɗi ne ga mai musun uwarsa. Yau da nake riƙe da nawa fushin da ɗan'uwana, ba tsohon nake tunawa ba. Inna nake gani durƙushe a ƙasa tana tono da yatsa, tana ce mini, "Ɗiyata, ni ma ban san wurin ba yanzu."