Hannun Mai Almakashi

Gwaggona, yayar babana, ba ta taɓa ɗora alli a kan yadi ba. Shekara talatin da biyu tana ɗinkin mata a shago ɗaya, kuma ainihin aikinta yanka ne. Za ta dube ki sama da ƙasa, ta zagaya ki da tef sau ɗaya don kar ki ce ta raina ki, sannan ta shimfiɗa yadi a kan dogon teburi ta kama yanka a tsaye. Duk layin nan, Mai Almakashi ake ce mata. Ni ce a kan keken ɗinki, shekara goma sha ɗaya ina haɗa abin da ta yanka, ban taɓa ganin kafaɗa ɗaya ta fi 'yar'uwarta ba.

Mace ce mai jiki, kuma bai taɓa damunta ba. Gwiwoyi ne suka fara kawo ƙara. Tsayuwar awa ɗaya sai ta dafa teburi tana cije baki. Likita ya ce ta rage nauyi, in ba haka ba nan da shekara biyu a zaune za ta yi aiki. Gwaggo kuwa ba ta iya yanka a zaune ba, ta ce idonta ba ya ganin tsawon yadi daga kan kujera. Ya ce ta riƙa tafiya da safe, ta rage cin dare. Ta yi kwana huɗu ta ce wannan wahala ce ta masu lokaci.

Sai ta leƙa kyamis ɗin bakin titi ta nemi ƙwayar rage ƙiba, irin wadda ake saya ba takardar likita. Mai kyamis ya tambaye ta ko tana shan wani magani, ta ce a'a. Kuma a ganinta ba ƙarya ta yi ba. Maganin hawan jini da take haɗiya kowace safiya shekara tara ya daɗe da fita daga sahun magani a wurinta, ya koma kamar wanke fuska. Takardar cikin kwalin ta jefa a kwandon ƙyallaye, wai rubutun ya yi ƙanana. An ce ɗaya a rana, ta mai da shi biyu, domin ita a duniyarta duk inda ake son ƙarfi ɗinki layi biyu ake bi. Ƙwayoyin ta zuba su a gwangwanin maɓallai, ban sani ba.

Na dai ga ta daina cin abincin rana, ga faɗa ba dalili, ga gumi ko fanka na juyawa. A sati na uku wata malamar makaranta ta kawo leshi yadi biyar. Gwaggo ta sa almakashi, ina ji sautin ya canza. Da na ɗaga kai, yankan ya karkace ya shiga gaban rigar kusan taƙi guda, hannunta na rawa, ita kuma tana kallonsa kamar na wani.

"Gwaggo, me kike sha?" na ce.

Ta nuna gwangwanin da haɓa. Raina ya ɓaci har na manta da wa nake magana. Na kwashe duk magungunanta a leda, na sa ta gaba muka koma kyamis.

Mai kyamis ya gwada jininta, ya sake gwadawa, ya zaro maganin hawan jinin daga ledar, ya cire tabarau. "Mama, ba na tambaye ki ba?"

"Ai wancan ba magani ba ne, ɗana, na kullum ne."

"Shi nake tambaya! Wannan ƙwayar tana sa zuciya gudu, naki kuma kwantar da ita yake yi. Kin haɗa su faɗa, kin kuma ninka. Da kin faɗa min da ban ba ki ba. Ki ajiye ta, yau ɗin nan ki ga likitanki."

Likita ya ce an yi sa'a, rawar hannun za ta iya tafiya, amma bai sa rana ba. Kwana goma sha biyu Gwaggo ba ta taɓa almakashi ba, yadin mutane na jira, har da na wata mai jego. Ta je da kanta ta ba malamar haƙuri. Malamar ta ƙare mata kallo ta ce, "Bar maganar leshi, Anti, kin faɗa fa! Me kike sha?" Gwaggo ta miƙa mata hannu ta ce ta riƙe ta ji. Yanzu kullum da safe ina jin takunta tana zagaya layi, tana mita.

Ran na sha uku na iso shago na tarar ta shimfiɗa sabon zanen gadona, wanda na kawo in yi wa baki. Ba ta yarda ta gwada a kayan mutane ba. Ta daɗe a tsaye, sannan ta yanka shi daga wannan kai zuwa wancan, ta haɗa gefen biyu ta ɗaga su saitin taga. Ko zare ɗaya bai fita ba.

"Kawo na mai jego," ta ce, "mun sa ta jira."

Na juya wajen keke don kar ta ga ina hawaye, ta ce wai zanen gado nake wa kuka.