Rantsuwar da Na Ɗora wa Mu'allim

A shekarar da aka yi yaƙin Kuwait, lokacin da mutanen Yaman suka riƙa ɗaure katifunsu a kan motoci suna barin Jidda, ina da shekara goma sha huɗu a garin ba tare da takarda ko ɗaya ba. Aikin Hajji ya kawo ni, na sauke farali, jirginmu ya tashi ban bi shi ba. Tun daga nan nake aikin kafinta a Balad, tsohuwar unguwar garin, a shagon wani dattijo Bahaushen Sudan wanda kowa ke kira Mu'allim. Shi yana da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, tun zamanin mahaifinsa. Aikinmu gyaran roshan ne, wato manyan tagogin katako masu raga da ke maƙale a fuskar tsofaffin gidajen unguwar.

A gida nake a unguwar Waziriyya da matata da 'yarmu guda. Yarinyar ta kai shekarar shiga makaranta har ta wuce da biyu, amma babu makarantar da za ta karɓi ɗiyar mutumin da ba a rubuta shi a ko'ina ba. Kullum da safe takan tsaya a ƙofa tana kallon sa'o'inta da jakunkuna. Ni nake koya mata karatu a allo, amma na san abin da take kallo.

Da shaguna suka yi ta zama babu masu aiki bayan tafiyar mutanen Yaman, sai labari ya iso mana cewa an ba umda, wato mai unguwa, dama ya gabatar da sunayen baƙin da suka daɗe suna sana'a a unguwarsa, a duba a ba su iƙamar zama. Sharaɗi biyu ne. Mutum ya nuna ya yi shekara goma yana aiki a cikin unguwar, kuma mai shagon da yake wa aiki ya zo da kansa ya yi shaida ya sa hannu. Za a rufe karɓar suna ranar Alhamis ta ƙarshen wata, da azahar.

Na ce alhamdulillahi, wannan tawa ce. Washegari bayan la'asar na sa farar rigata na tafi inda umda ke zama a kan dogon benci a ƙofar gidansa, ana zuba masa shayi. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Shekara nawa ka ce, ya Hajj?"

"Goma sha huɗu, ranka ya daɗe."

"A wannan unguwar? Ni na san kuliyoyin unguwar nan da kamanninsu. Kai ban taɓa ganinka ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma laifina ne. Shekara goma sha huɗu, duk lokacin da na hango rawaninsa sai in faɗa lungu. Ban taɓa yin sallah a masallacin da yake sallah ba. Ban taɓa karɓar rasit da sunana ba. Na ɓoye kaina da kyau har ga shi ranar da nake so a gan ni, babu wanda ya taɓa ganina.

To amma ina da abu guda. A makarantar da na taso, idan muka gama kwafe littafi, malaminmu yakan sa mu rubuta a shafin ƙarshe cewa an gama da taimakon Allah, a hannun wane, a shekara kaza. Wannan ɗabi'a ta bi ni har cikin katako. Duk roshan ɗin da na gyara, kafin in buga katakon ƙasa, sai in juya cikinsa in rubuta bisimilla da tawada, in sa shekarar hijira, sannan in rubuta da ajami cewa aikin bawan Allah ne mutumin Kazaure. Mu'allim ya sha yi mini faɗa a kan haka. Yakan ce, "Mutum yana ɓuya, kuma yana bin gidajen mutane yana sa hannu! Wace irin ɓuya ce wannan?"

Na gaya wa umda. Abin ya ba shi dariya, ya tashi da sandarsa ya biyo ni. A gida na farko na ciro ƙusa huɗu na juya masa katakon. Bai gane Hausar ba, amma ya karanta bisimillar da shekarar, sannan ya sa na rubuta irin layin a kan takarda ya gwada hannun. Muka je gida na biyu da na uku. Na ukun ashe tagar ɗakin ƙanwarsa ce, aikin shekara goma sha uku baya.

"Masha Allah," in ji shi. "Ashe kana hawa gidanmu ina zaune a ƙofa. Shekarunka sun tabbata. Amma katako ba ya sa hannu, ya Hajj. Kawo mini mai shagonka."

Na koma shago ina murna, domin a ganina abin da ya rage shi ne mai sauƙi. Na sami Mu'allim yana wasa zarto. Na zayyana masa komai. Bai ɗago ba sai da na gama.

"Ba zan iya ba, Alhajin da bai koma ba." Haka yake kirana tun ranar da na fara masa aiki.

"Saboda me, Mu'allim?"

"Na rantse."

"Ga wa?"

"Kai ka sa ni. Ko ka manta?"

Sai na tuna. A shekarata ta uku a shagon, masu duba takardu sun kama ni a bakin ƙofa da guduma a hannu. Suka tambaye ni wa nake wa aiki. Da na nuna Mu'allim, da an ci shi tara mai nauyi, wataƙila a ƙwace masa shagon. Na yi shiru. Kwana goma sha ɗaya na yi a tsare ana maimaita mini tambayar, ban buɗe baki ba, har wani tsoho da nake cikin gyara wa taga, na bar masa ita a buɗe, ya zo ya tsaya mini aka sake ni. Allah ya jiƙansa, ya rasu da daɗewa. Da na fito a tsorace nake, kuma na ji labarin wani mai shago da ya miƙa ma'aikatansa don ya tsira. Sai na yi alwala na ɗauko Alƙur'ani na ajiye a kan teburin aiki, na sa Mu'allim ya dafa ya rantse cewa muddin yana raye ba zai taɓa gaya wa wata hukuma ina masa aiki ba. Ni na tsara kalmomin da bakina, har na ƙara da "ko da ni na roƙe ka", don kada wata rana a matsa mini in aiko masa.

"Mu'allim," na ce, "ai don kariyata aka yi rantsuwar. Yanzu ita ce za ta halaka ni. Na yafe, na warware maka."

"Kai wane ne da za ka warware? Da sunanka na rantse ko da sunan Allah?"

"To ai akwai kaffara. Ka ciyar da miskinai goma, shi ke nan."

"Shekarata saba'in da ɗaya ban taɓa karya rantsuwa ba. Sai yanzu da nake shirin kabari?"

Sati uku muka yi a haka. Na kawo masa limamin masallacinmu na Waziriyya, ya bayyana masa cewa wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya yi kaffara ya bi alherin. Mu'allim ya saurara da ladabi, ya ba shi shayi, ya raka shi har bakin titi, ya dawo ya ce da ni, "Malamin nan yana da ilimi. Amma ba shi ya dafa ba." Na ce to ya rubuta kawai, ba sai ya furta ba. Ya ce alƙalami ma harshe ne, ai ni da na yi makaranta ya kamata in fi shi sani. Matata ta dafa masa dambu ta aika, ya cinye ya mayar da kwano da dabino a ciki, maganar tana nan inda take.

Allah ya gafarta mini, na yi masa zato. Na ce a raina ba rantsuwa ce ke damunsa ba, tara yake tsoro, domin wanda ya sa hannu cewa ya ajiye marar takarda shekara goma sha huɗu ya kai ƙarar kansa ne. Har yau ban san nawa ne tsoron Allah ba, nawa ne tsoron tara a cikin taurin kansa. Wataƙila shi ma bai sani ba.

Ranar Talata, saura kwana biyu, muna fere wani katako tare, na ajiye kayan aikin.

"Mu'allim, akwai maganar da ban taɓa yi maka ba."

"To kada ka fara yau."

"Kwana goma sha ɗaya na yi a kulle saboda shagon nan. Kalma ɗaya suke so. Ban ba su ba."

Ban taɓa yi wa mutum gori ba sai ranar, kuma da maganar ta fita na ji kunya ta rufe ni. Ya share hannunsa a jikin jallabiyarsa, ya ce in miƙo masa ƙusa. Ranar Laraba ko shagon ban je ba. Na gaya wa matata ta daina sa rai.

Ranar Alhamis da hantsi na tafi don in kwaso kayan aikina. Tun daga bakin lungu na ji ƙanshin shinkafa da nama. An shimfiɗa tabarma a ƙofar shagon, ga babban faranti, ga 'yan dako da masu shara zaune kewaye da shi. Mu'allim yana tsaye a kansu da sabuwar jallabiya da rawani, iƙamarsa tana leƙowa daga aljihu, yana nuna su da yatsa yana ƙirga.

"Ka makara," ya ce da ni. "Tara ne. Ɗaya bai zo ba."

Na fahimci abin da ake ciki, kaffarar ce yake yi kafin ya karya. Na dubi rana, ta kusa tsakiya.

"Mu'allim, Allah ya saka da alheri! Yalla, mu je wurin umda, in mun dawo a cika na goman."

"A'a. Goma aka ce."

"Ai ya halatta a yi ta bayan an karya!"

"Ni kafin zan yi. Ba zan je gaban umda da nauyin Allah a wuyana ba."

"To ni miskini ne, ga ni. Bari in zauna in ci."

"Kai? Don kai ake yin abin, kuma kai za ka cinye? Tashi daga nan."

Na fita da gudu, ni mai shekara arba'in da ɗoriya, ina neman mayunwaci a kasuwar Balad. Wanda na fara tarewa ya ce yana azumin Alhamis. Na biyu ya ɗauka ɗan leƙen asiri ne ni, ya jefar da kwalin da yake ɗauke da shi ya arce. Na uku wani tsohon Bafakistane ne mai gyaran takalma, na kamo hannunsa ina roƙonsa da Larabcin da ni da shi duk ba mu ƙware ba. Ya zo, ya wanke hannu a tsanake, ya zauna. Ba shi da haƙora. Ban taɓa ganin mutum yana cin shinkafa a hankali kamar wannan bawan Allah ba. Mu'allim ya tsaya a kansa, ya ce sai ya ƙoshi, domin ciyarwa aka ce ba ɗanɗanawa ba. Ni kuwa ina tsaye ina istigfari, saboda abubuwan da ke zuwa bakina ba na faɗa ba ne.

Ladan ya fara gyaran murya a lasifika lokacin da muka isa. Magatakardan umda ya riga ya ɗaure takardu da zare. Umda ya hango mu ya ɗaga sandarsa.

"Mai rubutu a tagar ƙanwata! Wannan ne mutumin naka?"

Mu'allim ya tsaya ƙyam kamar mai tayar da sallah. Ya ce, "Ina shaidawa wannan mutum yana mini aiki shekara goma sha huɗu. Bai taɓa ɗaukar mini ko ƙusa ba. Rabin tagogin unguwar nan hannunsa ne, ni ake yaba wa." Ya sa hannu. Aka kwance zaren aka saka takardata.

Wata bakwai aka yi ana kai ni ana kawo ni, hoto yau, asibiti gobe, kafin iƙamar ta fito. 'Yata ta shiga aji ɗaya, ta fi kowa tsawo a ajin, kuma bai dame ta ba. Mu'allim kuwa abin da na yi zato ya same shi. An kira shi an yi masa tambayoyi, aka ci shi tara, aka manna takarda a ƙofar shagon aka rufe shi sati biyu. Kullum yakan zo ya zauna a kan dakali a gaban rufaffiyar ƙofar da carbinsa, ya hana ni ko in ba shi haƙuri.

Ranar da aka buɗe, ya miƙo mini makulli ya ce in buɗe da hannuna. Muka shiga, ƙura ta rufe teburin. Ya hura ta, ya zauna.

"Alhajin da bai koma ba."

"Na'am, Mu'allim."

"Kai ka yi kwana goma sha ɗaya a ciki. Ni na yi goma sha huɗu a waje. Halas, bashi ya ƙare?"

"Halas, Mu'allim."

"Ukun da suka hau kai na bar maka. Ɗauko zarto, tagar mutane tana jira."