Ƙuri'ar Ƙwallon Dabino a Mansur

Mun tashi da asuba daga garinmu, ana sallame sallah muka ɗau hanyar Kano, mu huɗu a motar haya. Sauran ukun Umara ce kawai ta fito da su. Ni kuwa gara in faɗi gaskiya tun yanzu, Umara na haɗa da wata buƙata. Ina neman takarar kansila a mazaɓarmu, mu biyu ne ke nema a jam'iyya, kuma dattawa sun ce ba za a yi zaɓen fid da gwani ba, masalaha za a yi nan da mako uku. Duk dattijon da na je wa gaisuwa sai ya saurare ni har in gama, sannan ya gyara zama ya ce, "To Malam, me Na-Makka ya ce?"

Na-Makka ɗan baffana ne, shekara biyu ya ba ni. Tare muka yi kiwon awaki, kuma a makaranta ni nake yi masa lissafi. Ya bar gari yana saurayi, yau ya fi shekara ashirin da biyar a can. Ni na zauna. Rabin garin nan ni na koya musu karatu a firamare, ba jana'izar da ba a gan ni ba, ba famfon da ya lalace ban bi gida-gida a kansa ba. Amma in shi ya turo saƙon murya a zauren gari na waya, har mai shayi sai ya rage rediyo. Na san dalili. Duk alhajin garinmu da ya sauka Makka shi ke tarbarsa, shi ke kai mara lafiya asibiti, shi ke nemo wanda ya ɓata. Sanin dalilin bai hana abin cina ba, kuma ba tun yau yake cina ba.

Hanyar Kano tana nan yadda kuka san ta, direba na kauce wa rami yana faɗa wa wani. A filin jirgi mun yi zaman jira har muka cinye guzurin da aka ce sai mun sauka. Ɗaya daga cikin abokan tafiyata ya ɗaura haraminsa tun a Kano don zumuɗi, sanyin jirgi ya kama shi, muka isa Jidda yana atishawa yana talbiyya. Daga Jidda zuwa Makka na zuba wa titi ido ko zan ga rami ɗaya in ji sanyi a raina. Ban gani ba.

Lokacin da na ga Ka'aba na manta da kansila, na manta da dattawa, na yi kuka kamar yaro. Wannan kam ba zan ɓoye ba. Sai dai zuciya ba ta da kunya, washegari da hantsi ta dawo da ni kan maganata. Ina shan shayin riyal biyu a ƙofar masauki, na juya kuɗin zuwa naira, sai na ga ya kamata in sha shi a hankali.

A rana ta uku Na-Makka ya zo ya ɗauke ni. Ya yi furfura, ya fi ni ramewa, amma tafiyarsa tana nan. Ya kai ni Mansur, unguwar da mutanenmu suka fi yawa. In ka rufe ido ka rantse a wata kasuwar Kano kake. Ga tsire, ga masa, ga fura a robobi, ga mata na ciniki da Hausar Sakkwato suna cika ta da Larabci. Ba mu yi taku goma ba tare da wani ya tare shi ba. Wannan ya ce, "Ya shehu, takardar nan ta fito." Wancan ya ja shi gefe kan maganar haya. Mai tsire ya ƙi karɓar kuɗinsa. Ni kuma ana miƙo min hannu ana cewa, "Kai ne ƙanen nasa?" Ba wanda ya tambayi sunana.

Na ɗauka gidansa wani katafaren bene ne. Ɗaki biyu ne a hawa na uku a unguwar Rusaifa, na'urar sanyaya ɗaki na ƙara kamar injin markaɗe. Direba ne a wurin wani Balarabe mai shagon darduma, wanda shi ne kafilinsa, wato wanda takardar zamansa ke hannunsa. Da na ga ɗakin sai na ji wani ɗan daɗi ya ratsa ni. Na yi istigfari, amma na ji shi. Matarsa ta kawo mana kabsa, shinkafa da kaza, da miyar kuka a gefe don kada in yi kewa. Sai da muka wanke hannu na buɗe baki.

"Yaya, maganar nan ta gida."

"Na sani," ya ce. "Abokin takararka ma ya kira ni. Amma mutane sun ɗauka ni ke yankewa, alhali ba ni ba ne. Ka bari sai Juma'a bayan la'asar, halas, shi ke nan."

Ranar Juma'a muka hau wani ɗaki a saman shagon tela a Mansur. 'Yan garinmu ne da ƙauyukan kewaye mazauna Makka, sun haura ashirin. Akwai direbobi, akwai teloli, akwai ɗalibai biyu masu karatun addini, da wani tsoho da aka rushe gidansa a unguwar Nakkasa ya dawo zama wurin 'yarsa. Shi ne shugaban zaman. Mata suna ɗakin gefe. Aka zaunar da ni a tsakiya aka fara yi min tambayoyi, kuma a nan na sha mamaki. Sun san famfon da ya tsaya makon jiya. Sun san katangar maƙabarta ta faɗi ta gabas. Wani ya tambaye ni me ya sa ungozomar asibitinmu ba ta kwana a gari. Iyayensu mata ke ba su labari kullum a waya, har abin da ni da nake kwana a garin ban ji ba. Na amsa iya iyawata. Aka kunna saƙon da abokin takarata ya turo, shi ma aka saurare shi har ƙarshe.

Daga nan aka zagaya da gahawa da farantin dabino. Kowa ya ɗauki ɗaya ya ci, ya riƙe ƙwallon a hannu. Aka ajiye kwano biyu a lungu, aka lulluɓe su da darduma, na dama nawa, na hagu na abokin takarata. Mutum zai tsuguna ya zura hannu ƙarƙashi ya saki ƙwallonsa inda ya ga dama, ba mai gani. Haka suke yi duk lokacin da aka zo zaɓen gida, in ji wanda ke kusa da ni, kuma abin da ya fito shi Na-Makka ke faɗa.

Ni ma na ci dabinona, na miƙe na bi layi. Sai tsohon nan ya kamo hannun rigata.

"Malam, da wace takarda ka shigo ƙasar nan?"

"Bizar Umara, Baba."

"To zauna. Mai igama ke jefawa, mai takardar zama a nan. Baƙo ba ya zaɓe."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Na koma na zauna da ƙwallo a tafin hannu, ga katin zaɓena a aljihu. Ni da na sha zama malamin zaɓe a rumfar garinmu, ni ne yau baƙo a zaɓen mazaɓata. Ina kallon mutanen da wasunsu rabonsu da garin tun ana ɗebo ruwa a tsohuwar rijiya suna tsugunawa ɗaya bayan ɗaya suna yanke min hukunci. Matan ma aka miƙa musu kwanukan ta ƙofa suka jefa nasu. Kishi ya cika ni.

Aka yaye darduma, tsohon ya ƙirga a gaban kowa. Nawa ya fi da uku.

Muna tafiya sallar magariba na kasa haƙuri. "Yaya, kai wa ka jefa wa?"

"Ba a tambaya a nan." Sannan ya ce, "Ka san ban taɓa dangwala ƙuri'a ba? Na bar gida kafin in yi kati. Da aka yi zaɓen baladiyya a nan, wato na kansiloli, na 'yan ƙasa ne kawai, ni na kai maigidana rumfar a mota na jira shi a waje. Zaɓen gida kuma ba a ba na waje dama. Wallahi ƙwallon nan da ka gani, shi ne duk abin da nake da shi."

Na ji tausayinsa, da gaske. Na yi zaton kishin zai tafi a nan, kuma ya ɗan lafa har muka idar da sallah. A harabar masallacin ya ciro waya ya tura saƙon murya zauren gari, ko minti ɗaya bai cika ba. Ya gai da dattawa, ya ce 'yan Makka sun zauna, sun ga Malam ya dace, Allah ya yi jagora. Bai ambaci firamare ba, bai ambaci famfo ba.

Sauran kwanakin na yi su a Harami, na yi ɗawafi na roƙi abin da na roƙa, har da neman a cire min abin da ke raina game da ɗan baffana. Na sayo dabino da zamzam da ƙananan darduma na tsaraba. Abokin tafiyarmu mai atishawa ya warke ana gobe za mu taso. Muka sauka Kano da rana tsaka, muka shiga gari ana kiran la'asar.

Ranar masalaha na zo da takarda cike da abin da na yi wa mazaɓar nan shekara da shekaru, na kwana uku ina tsara ta. Ban buɗe ta ba. Ana buɗe taro da addu'a shugaban jam'iyya na mazaɓa ya ce a kunna saƙon, duk da kowa ya riga ya ji shi. Aka kunna, dattawa suka gyaɗa kai. Abokin takarata ya taso ya ba ni hannu ya ce ya janye. Taron bai kai tsawon shan shayi ba.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba mai daɗi ba ne. Na gano mutanenmu na can ba su bar garin ba kamar yadda nake faɗa a baya, sun fi wasunmu sanin ciwonsa, kuma ba su da wata hanyar sa baki sai wadda suka ƙirƙiro wa kansu. Na kuma gano samun abin da kake nema ba ya kashe kishi. Na samu takarar, amma har yau ban san ko dattawan nan sun taɓa ganin aikina ba.

Kafin a tashi wani dattijo ya ce bai kamata a watse ba a yi wa mai abin godiya ba. Aka ce in kira Na-Makka, tunda ni ke da lambarsa. Ya ɗauka, suka matso suna ta sa masa albarka ɗaya bayan ɗaya, wani na ture wani don a ji muryarsa a Makka. Ni na riƙe musu wayar har suka gama.