Daminar da Na Tare a Rumbun Baba

Shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo ƙauyenmu da buri ɗaya, in tafi karatun digiri na biyu a ƙasar waje. Makarantar da nake nema ta ce sai na zauna wata jarrabawar Turanci tukuna. Ni da na yi shekaru ina zuba Turanci a jami'a har 'yan garinmu suka laƙaba mini Bature, na ce wannan ai kamar shan ruwa ne.

Ranar da na buɗe littafin gwajin, sai da na juya bangon in tabbatar Turanci aka sayar mini. Kalmomi ne da ba na jin Turawan ma suna faɗa wa matansu su a gida. Bayan kalmomin kuma ga dogayen bayanai, yau a kan ƙanƙarar da ke rarrafe a bisa duwatsu, gobe a kan wani kifi da bai taɓa ganin rana ba. A ce ka karanta, ka faɗi abin da marubucin ya ce, ka kuma faɗi wanda ya so cewa bai ce ba. Kuma duk wannan agogo na tsaye a kanka, lokaci na cika an rufe.

Kuɗin jarrabawar kuwa da na ji shi na san ya fi ƙarfina. Inna ce ta kai wa Baba maganar. Tun kafin ruwa ya sauka ya fara fitar da dammuna daga rumbu, kaɗan-kaɗan, yana sayarwa duk ranar kasuwar Ɗambatta. In an tambaye shi sai ya ce tsohon hatsi yake ragewa kada ƙwari su riga shi. Kafin a gama noman farko an biya kuɗin jarrabawa, rumbu ya zama wayam, mu kuma mun koma cin awo a ɓoye. Baba kan sayo 'yan kwanonin gero ya tura su ƙasan buhun taki ya shigo da su gida.

A wajenmu manomi zai yarda a ce masa komai, ban da a ce rumbunsa ya ƙare da damina tsaka. Cikin rumbu asirin maigida ne, ko ɗan'uwa ba ya leƙawa. Baba kuwa mutum ne da aka sani da ba da dami, duk wanda gidansa ya yi ƙunci a marka nan yake zuwa. Saboda haka muka rufe bakinmu, rumbu yana tsaye gefen zaure da hular jinkarsa, yana cika ido kamar mai abin kirki a ciki.

To, sai ga matsalata. Littafin ya ce in riƙa gwada kaina da agogo, in zauna zama ɗaya ba tashi ba magana. A ƙauyenmu! Gida na manne da gida, gona na bakin katanga, duk mai zuwa gona ta ƙofarmu zai bi. Ina kunna agogon waya, na kai tsakiyar ƙanƙarar nan mai rarrafe, sai in ji, "Salamu alaikum, a'a Bature, an tashi lafiya? Ya gajiya? Ya ruwa? Ya mutan birni?" Kafin in gama amsa masa wani ya iso ya ɗauko daga farko. Ba kuma yadda za a yi a yi maka sallama ka yi shiru, sai dai in kana son a ce boko ya cinye maka tarbiyya. Na koma ɗakin Inna, mata masu zuwa aron turmi suka karɓe ni. Na koma gindin ɗorawa can ƙarshen gona, wani ya hango ni ya bar garmarsa ya taho, wai ya ga ina zaune ni kaɗai. Wallahi wata rana har jifa na yi da littafin, ya faɗa cikin gyaɗa.

Baba ne ya tsinto shi ya kakkaɓe. Ya dube ni ya ce, "Akwai wuri ɗaya a garin nan da ba mai gaishe ka." Ya nuna rumbu da haɓa. Na zaci wasa yake. Ya ce, "Amma ka ji sharaɗi. In ka shiga kai da gawa ɗaya kuke. Duk wanda ya san mutum na iya miƙe ƙafa a ciki, ya san abin da babu a ciki."

Haka na tare. Da sassafe kafin mutane su fito, in kafa tsani ta bayan rumbu, in ɗaga jinka in dira, Baba ya janye tsanin. Muka tokare jinkar da guntun kara don haske ya shigo. Na shimfiɗa buhu, ga butar ruwa, ga littafi. Kai, zafi! Ga ƙaiƙayi da ya rage a ƙasa yana bin jikina, ga wani ɓera da ke fitowa ya tsaya yana kallona, da alama yana tuhumata da cinye masa abinci. Amma fa karatu ya zauna. A nan na fara gama bayani ɗaya daga farko har ƙarshe ba wanda ya tambaye ni ya ruwa. Kalmomin nan masu taurin kai na riƙa maimaita su a zuci, ina yi wa kowacce gida a jikin bangon rumbu, wannan a tsagar nan, waccan kusa da sheƙar zanzaro.

Abin da ban lissafa ba shi ne inuwar darbejiyar da ke jikin rumbun. Nan dattawa suke zama bayan la'asar, ni kuma ba damar fita sai sun watse. Duk hirarsu a kunnena, har na san wanda akuyarsa ta yi wa wa ɓarna. Wanda ya fi damuna shi ne taubashin Baba, wanda muke kira Baffa. Tun suna yara suke tsokanar juna, kuma tsufa bai rage musu komai ba. Da jikin rumbun ma yake jingina bayansa.

Wata rana na ji ya ce wa Baba, "Kai, ba ni dami ɗaya, 'yata ta haihu, za a yi kunu." Baba ya ce tsanin ya karye. Bayan kwana kaɗan Baffa ya sake tambaya, Baba ya ce ƙugunsa ke ciwo. Baffa ya ce wa jama'a, "Ku shaida, tsohon nan rowa ta kama shi da girma. Ga rumbu fal kamar zai fashe, dami ɗaya ya gagara." Aka yi dariya, Baba ma ya yi. Ni a ciki dariyar ba ta zo mini ba. Mutumin da bai taɓa hana kowa ba ya zaɓi a kira shi marowaci, saboda ni da kifin da bai taɓa ganin rana ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ranar da asiri ya tonu laifin wayata ne da hancina. Na saba kashe ƙarar agogon kafin dattawa su zauna, ran nan na shagala da wani bayani a kan taurari. Ƙarar da na sa kuwa carar zakara ce. Ana tsakiyar hira, zakara ya yi cara daga cikin rumbu, da yamma lis. Na danne wayar da cinya.

Baffa ya ce, "Zakaranka a rumbu yake zama?"

Baba ya ce, "Ɓarna yake yi wa maƙwabta, na kulle shi."

"A cikin hatsi? Lallai wannan zakara ya dace da ubangida."

Da a nan aka tsaya da an tsira. Amma wawurar wayar da na yi ta tayar da ƙaiƙayi, ya shige mini hanci. Na toshe, na matse, na roƙi Allah, ina! Atishawa ta fito, rumbu ya amsa kamar ganga. Kuma kafin in yi tunani bakina ya yi abin da ya saba tun ina yaro, na ce, "Alhamdu lillahi."

Baffa, shi ma bakinsa ya saba, ya ce, "Yarhamukallahu."

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Duk wanda ke wurin manomi ne, ya san yadda rumbu mai hatsi yake haɗiye ƙara, ya kuma ji daga can ƙasa muryar ta taso. Ina jira in ji an fashe da dariya, don Baffa bai taɓa samun makami irin wannan ba. Sai kawai na ji ya ce, "Zakaran dai yana da ladabi." Ya tambayi wani farashin taki, hira ta koma can, ba a jima ba kowa ya ce zai je alwala. Da Baba ya kafa mini tsani bai kalle ni ba, ni ma ban iya kallonsa ba. Tuwon ranar ba wanda ya ci na kirki.

Da kasuwar Ɗambatta ta zagayo Baba ya ce in raka shi, ko don kada in zauna in sake yin wata atishawar. Muka dawo da rana, na ɗauki littafi na hau tsani, na ɗaga jinka. Sai na ga ba wurin dira. Dammuna ne a ciki, gero da dawa da maiwa, wasu manya wasu 'yan ƙanana, sun kai kusan rabin rumbun. A cikin marka fa, lokacin da kowa ke auna abin da zai kai shi kaka. Na kira Baba ya hau. Kowane gida da irin ɗaurin daminsa, Baba kuwa ya san ɗaurin kowa kamar yadda ya san muryarsa. Ya daɗe a kan tsanin yana taɓa su ɗaya-ɗaya. Da ya sauko ya tambayi Inna wa ya zo, ta ce ita tana daka, ba ta ga kowa ba. Ya juyo ya ce mini, "To Bature, an kore ka. Sai ka nemi wani ɗakin."

Zaure na koma, kuma abin mamaki gaisuwa ta ɗauke. Baffa ne ya naɗa kansa mai gadi. Yakan zauna a bakin ƙofa, duk wanda ya buɗe baki ya tare shi: "Ya kwana lafiya, ba gajiya, ruwa ya yi gyara, wuce." Da haka na ƙarasa shiri, na je Kano na zauna gaban kwamfuta, na kuma ci da makin da ake nema. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma in na tuna daminar nan, abin da ya faru washegarin ranar kasuwar ne yake fara zuwa mini.

Bayan la'asar dattawa suka cika gindin darbejiya kamar kullum, ni ina daga zaure ina leƙe. Baffa ya jingina da rumbu ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Kai marowaci, har yaron ya kusa yaye ba a yi kunun nan ba. Za ka ba ni damin ko kuwa?"

Baba ya tashi, ya ɗauko tsani ya kafa ta gaba, a idon kowa. Ya hau da ƙugun nan nasa mai ciwo, ya zaɓo dami ɗaya babba, ya sauko ya dire shi a gaban Baffa. Ko ni na gane ɗaurin, na Baffa ne da kansa.

Baffa ya juya damin, ya murza zangarniya ɗaya, ya taɓe baki. "Wannan geron ai bai yi ido ba. Wane malalacin ne ya noma shi?"

Baba ya ce, "Wani tsoho ne. Bai iya noma ba, amma ɗaurinsa ba ya kwancewa."

Baffa ya saɓi daminsa a kafaɗa ya nufi gida, yana ta mitar nauyi har ya sha kwana.