Ranar da Na Ƙi Ɗaukar Rabi

Cikin duk shekarun da na yi ina riƙe kyamara a Jidda, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Talata, a shekarar da aka rushe unguwar Karantina.

Lokacin ina aiki a wani shagon ɗaukar bidiyo a Sharafiyya. Ku sababbi a sana'ar nan ku sani, a garin nan mace ce ke ɗaukar bikin mata, ita ke tacewa, namiji ba ya gani. Ni ce babbar mai ɗauka, sama da ni sai mudir, wato manajanmu, Ustaz Hamid.

Da hantsi mudir ya kira ni ofis, ya ce ga aiki na musamman: mace ɗaya, ɗaki ɗaya. Mai aikin, wani Alhaji Sabo ɗan ƙasarmu, ya harɗe yana yi mini darasi. Fitila ja yake so, labule a sake, kiɗa a hankali.

"Hajiya Binta, so nake mai kallo ya ji kamar shi kaɗai ne da ita a ɗakin."

Na ce, "Tallan turare ne, ko na abaya?"

Ya yi dariya. "Fasaha ce. Ke dai ki ɗauka."

Ƙa'idarmu, kafin a ɗauki mace sai an keɓe da ita an ji yardarta daga bakinta. Na shiga ɗakin kwalliya na tarar da ita ta ƙanƙame jaka. Sunanta Rabi, za ta kai shekara talatin da biyar. Umra ta zo ta zauna, tana sayar da abinci a Karantina har aka rushe gidan da take haya. Ta ce Alhaji ya ce tuɓewa za ta yi a gaban kyamara, fuskarta ba za ta fito ba, shi kuma zai yi mata iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar.

"Yaya, ya ce in na ƙi, ya san inda nake kwana a unguwar Nuzla."

Na koma ofis na ce, "Alhaji, ba ka ji kunya ba? Matar da ka cika wa ciki da tsoro, ita kake so ta yi maka kallon ƙauna, ka kira shi fasaha?"

Ya ce, "Ke ma da kafili, mai tsaya miki, kike zaune a ƙasar nan."

Mudir ya ce, "Halas, Binta, ya isa."

Na ce, "Ustaz, bai isa ba. Ka san hukuncin wannan abu, kuma a shagonka za a ce an yi."

Mudir ya miƙe ya buɗe wa Alhaji ƙofa: "Yalla, fita." Ba tausayin Rabi ya ji ba, tsoron rufe shago ne. Ni kuwa wata biyu ya cire ni daga bukukuwa, ya ajiye ni kan hoton fasfo, wai na yi wa baƙo tsawa.

Rabi ta kwana tara a ɗakina. Daga baya ta miƙa kanta ga hukuma da ƙafarta, aka mayar da ita gida Gusau. Tana can tana tuyar waina.

Abin da na koya ke nan: a sana'ar nan za ku haɗu da masu daɗin baki kan yanayi da shauƙi. In mutum ya cika ɗaki da bayani, wadda za a ɗauka kuma ta kasa ɗaga ido, ku ajiye kyamara ku je ku zauna kusa da ita.