Kwanon Baba Ishaku

Idan ka shiga unguwar Limawa a Jimeta ka tambayi gidan Fibi Zadok, sai an tsaya ana kallon juna. Amma ka ce Mama Kuku, nan take za a nuna maka lungun, har a ja maka kunne kada ka je da cikinka a cike. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana tuƙa tuwo a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Jimeta, kuma ko da ta yi ritaya hannunta bai yi ba. 'Yar bakin kogi ce daga wajen Numan, inda miyar da babu kifi ba a kiranta miya. Mijinta ya rasu tun yara suna ƙanana, yaran kuma sun girma sun watse, ɗaya a Jos, ɗaya a Fatakwal. Ta rage ita kaɗai a ɗaki biyu na haya a bayan gidan wani Alhaji, da tukwanen da suka fi ƙarfin mutum ɗaya. A wurinta in kana murna ci, in kana kuka ci, in ka yi mata laifi ma sai ka ƙoshi kafin ta yi maka faɗa.

A 2014, da 'yan Boko Haram suka shiga Michika, daga baya Mubi ta bi, mutane suka yi ta kwararowa ta gadar Jimeta, wasu a mota, da yawa a ƙafa. A coci aka ce kowa ya ɗauki iya ƙarfinsa. Fibi ta ɗauki mutum goma sha tara. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, don abin kunya ne, amma a waɗannan watanni na baƙin ciki ta ji daɗin ganin manyan tukwanenta a kan wuta.

Cikin baƙin akwai wani dogon dattijo manomi mai suna Ishaku. Ya rabu da matarsa da 'ya'yansa maza biyu a kan dutse ranar gudu, bai sake jin ɗuriyarsu ba. Abin da ya fito da shi daga gidansa guda ɗaya ne, ɗan kwikwiyo ja a aljihun rigarsa. Matan gidan suka yi dariyar da suka daɗe ba su yi ba, suka sa wa kwikwiyon suna Aljihu. Baba Ishaku mutumin dutse ne, bai saba da kifi ba. Ranar da ya fara cin miyar bandar tarwaɗa ta Fibi, sai da ya siɗe kwano ya share gumi, ya ce, "Mama, wannan abu ya isa ya hana mutum komawa gida."

Bai hana shi ba. Da gabas ta fara haɗa hadari a shekarar da ta biyo, ya ce zai je ya ga gona, ya ga ko akwai wanda ya rage.

"Riƙe mini kare ɗin," in ji shi a bakin ƙofa. "In na ga yadda gari yake zan zo in ɗauka. Miya ɗin nan kuma a ajiye mini nawa."

"Kwanonka yana nan, Baba," ta ce. "Allah ya kiyaye hanya."

Daga nan sai labarai. Wani ya ce ya gan shi a Bazza. Wata ta ce ya nufi wajen Madagali neman yaransa. Babu wanda ya ce ya ga gawarsa, kuma a nan Fibi ta kafa ƙafa.

A gidan da ta tashi, matafiyin da ake jira ana zuba masa rabonsa a rufe, ko da ba a san ranar isowarsa ba. Haka ta riƙa yi. Kowace rana ta zuba tuwo da miyar kifi a wata langa mai furanni shuɗi, ta ɗora murfi, ta ajiye a kan teburi. In rana ta faɗi bai zo ba, sai ta juye wa Aljihu, tunda shi kaɗai ya rage daga gidan Ishaku, kuma abincin mutum iyalinsa ke ci.

Da azahar, lokacin da zafin Yola ke kwantar da ko da kaji, takan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin dalbejiyar bayan gida, idonta rabi a rufe. Ba ta taɓa zuwa Michika ba, don haka sai ta ari dutsen Bagale da ake hangowa a ƙetaren kogi, ta ƙara masa tsawo, ta shuka masa dawa har sama. Daga can Baba Ishaku yake saukowa da fartanya a kafaɗa. Ba ya sauri. Yakan tsaya ya gaida mutane, ya duba gonar wani, ya sha ruwa a rafi, ya sake gyara takalmi. Wani lokaci har yakan kai tsakiyar gada, ruwan Binuwai na walƙiya a ƙarƙashinsa, masu kwalekwale na ɗaga masa hannu. Sai ta ji ƙarar susa a gefenta, kar-kar-kar, ta buɗe ido.

Aljihu ne. Ƙaiƙayin ya fara masa tun yana shekara uku, kaɗan-kaɗan, ya riƙa ƙaruwa har ya zame masa sana'a. Ya lashe ƙafafunsa har gashin ya koma kalar tsatsa. Kunnuwansa suka yi ja suna wari. Ya goga bayansa a bangon bayan gida har wurin ya yi sheƙi. Fibi ta dafa ganyen dalbejiya ta yi masa wanka, ta shafa toka, ta shafa man kaɗanya. Alphonsus bakanike na bakin titi ya kawo mata baƙin mai a gwangwani, ya ce, "Mama, rub am well well, shafa masa sosai, a garin mu wannan ne maganin kare." Ta shafa. Aljihu ya yi kwana uku yana amai, ya fito baƙi wuluk, yana susa fiye da da. Duk lokacin da ta ga ya wahala kuwa sai tausayi ya kama ta, ta ƙara masa kan kifi.

Bara, da damina ta yi nisa, Raudatu matar mai gidan ta zagayo bayan gida. Sun shekara ashirin suna musayar gishiri da labari, don haka sai da ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Adda Fibi, Alhaji ne ya aiko ni. Masu haya suna cewa ƙazuwa ne, zai kama yara. Ya ce ko a yi magani ya warke kafin ƙarshen shekara, ko a fitar da shi. Wallahi ni ban so ba."

Fibi ta san inda tsohon kare ke ƙarewa in an fitar da shi, don mai sayen karnuka yana wucewa da babur duk Asabar. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ranar da Baba Ishaku zai ƙarasa gadar ya ce ina ajiyarsa.

Sai da masu Keke Napep biyu suka ƙi ɗaukarta da karen kafin na uku ya kai su asibitin dabbobi. Likitar, Dakta Hafsah, yarinya ce sa'ar 'yarta. Da ta ji zancen baƙin mai sai da ta ajiye biro ta riƙe kai, ta ce sa'a aka yi bai mutu ba. Ta kankari fatar ta duba a madubin likita, ta ce babu ƙazuwa, 'yar ƙuma ce kaɗan wadda za a kashe. Jikinsa ne ba ya shiri da wani abu, wataƙila abin da yake ci.

"Me kike ba shi, Mama?"

Fibi ta gyara zama. Tuwon masara, miyar kifi, ƙashin kaza, ƙosai, kindirmo in mai nono ta zo, ɗan naman sa ranar Lahadi. Ta faɗe su da alfahari.

"To me bai taɓa ci ba?"

Nan aka daɗe. Daga ƙarshe aka samo zomo, da kuma dankali, wanda Fibi ba ta ɗauke shi abinci ba. Dakta Hafsah ta ba da ƙwayoyi na kwana goma don ƙaiƙayin ya lafa, da maganin kunne, da sabulun ruwa na wanka sau ɗaya a mako, ta ce a riƙa goge masa ƙafafu da jiƙaƙƙen tsumma in ya shiga ciyawa. Sannan mako takwas, zomo da dankali kawai, dafaffe, ba gishiri ba magi. Bayan nan a dawo da tsoffin abincin ɗaya bayan ɗaya, a ga wanda zai tayar da shi.

"Ko loma ɗaya kika ba shi, Mama, mun koma farko."

Macen da ta ciyar da dubban 'yan mata ta koma tana dafa abin da ko cokali ba za ta iya sa masa ba. Wani ɗan cocinsu mai kiwon zomaye a Sangere ne ke kawo mata naman. Aljihu ya kalli kwanon, ya kalle ta, ita kuma ta kau da kai don kunya. In tana cin nata abincin sai ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa kamar ɓarauniya. Langar Baba Ishaku kuwa ba ta fasa zubawa ba. Da safe sai ta ɗumama ta ci da kanta, tana gaya wa ranta cewa na ɗan lokaci ne.

A mako na biyar wari ya bar kunnuwan. A na bakwai sabon gashi ya fito a bayansa, ja mai laushi irin na ranar da ya zo. Da azahar ya kwanta a gefen tabarmarta yana barci har yana motsa ƙafa, kuma babu abin da ya katse mata tafiyar Baba Ishaku. Ya ƙetare gadar, ya wuce shataletale, ya shigo Limawa yana karanta ƙofofi. Sai dai ko yaushe ya kusa lungunsu, fuskarsa takan ɓace mata, ta rasa ko yana da gemu ko babu.

Da lokacin gwaji ya zo, ta fara da kindirmo, tana addu'a ya zama shi ne. Mako ya wuce, shiru. Kaza, shiru. Ƙosai da naman sa da tuwo, duk shiru. Kifi ta bari a ƙarshe, kuma ta san dalilin da ya sa ta bari. Ranar Talata ta juye masa langar, ya cinye har yana tura ta da hanci. Ranar Alhamis da hantsi ta same shi yana tauna ƙafarsa, jini a kan siminti.

"Kifi ne," in ji Dakta Hafsah, bayan Fibi ta ba ta labarin langar da mai ita. "Kada ya sake taɓawa har ƙarshen ransa. Abincin baƙon naki kuwa, Mama, ai sai ki riƙa ba wani mabuƙaci."

"'Yata, ba ki gane ba. In ka zuba abinci da sunan mutum ka ba na waje, sadakan wanda ya mutu ke nan."

Ta dawo gida tana ta juya abin. Ta ci gaba da cinyewa da safe? Na mako takwas an ce lalura, amma wadda ke cinye abincin baƙo kullum ta riga ta san ba ya zuwa. Rana ɗaya ta gwada zuba zomo da dankali a langar don ta samu abin juye wa kare, sai ta tsaya da murfin a hannu, ta ga tana shirin ajiye wa dattijo abincin kare. Ta kwashe da sauri. Shekara goma ta yi tana riƙe da kare da kwano tare, ba ta taɓa zaton ɗaya ne ke cin ɗaya ba. Ta ji haushin kanta sosai, ta kuma ji tausayin dabbar da ta yi shekara takwas tana susa don ita ta ci gaba da jira.

Ranar Juma'a da la'asar ta sauke tukunya. Hannunta ya ɗebo miya ya nufi langar da kansa. Ta tsayar da shi, ta mayar da miyar cikin tukunya, ta wanke langar ta kife. Sannan ta fita ta zauna kusa da Aljihu, wanda ke kwance da ƙafa a naɗe da bandeji, ta ɗora hannu a wuyansa.

"Baba ya rasu," ta ce masa. "Ka ji? Ba zai zo ba."

Kukan da ya fito mata ya fi ƙarfin bayan gida. Raudatu ta zagayo a guje, gyale a hannu.

"Adda, lafiya? Wa ya rasu?"

"Baba Ishaku."

"Innalillahi. Yaushe?"

"Shekara goma."

Raudatu ta tsaya ta dube ta, ta dubi karen. Ta yafa gyalenta, ta cire takalmi, ta zauna a bakin tabarma, ta ce, "Sannu, Adda. Ya haƙuri?"