Wuyan Liman a Ƙarƙashin Amawali

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin jinya, ban taɓa mantawa da ranar da aka sa ni in ce wa limamin unguwarmu ya cire rawaninsa ba. Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ce, ina babban ma'aikacin jinya a wani ƙaramin asibiti kusa da Ƙofar Mazugal. Ku ma'aikatan jinya da kuka zo yanzu kun tarar da na'urori, mu a lokacin alkawarinsu kawai muke ji a rediyo.

Malam Habu shi ke mana limanci a Jakara tun ina saurayi, shi ya raɗa wa 'ya'yana suna. A shekarar nan sai ya fara canzawa. Jiki ya yi nauyi, murya ta dushe, ana zafi shi yana jin sanyi, ga barci duk inda ya zauna. Wata Azahar ya zauna tahiya, muna jiran sallama, sai minshari muka ji. Dattawan masallaci suka ce tsufa ne, suka yanke cewa in azumi ya kama bai warware ba, na'ibi zai gaje shi. Malam bai kai tsufan da ake faɗa ba, kuma ba shi da abin da ya fi masa masallacin nan a duniya.

Ya sha zuwa wurinmu. Likitarmu, Dakta Binta, sa'ar 'yarsa ce. Ta ga jininsa ya hau, ta ɗora shi a kan magani. Kullum da rawani yake zuwa, amawali ya rufe haɓa har ƙirji. Ni kaina in zan auna shi sai na durƙusa, balle in ce ya tuɓe.

Ranar da nake ba ku labari, ya ce yana kwana barci amma ya tashi kamar wanda ya yi dako, kai na sarawa. Ya ƙara da cewa ɗansa ya sayo masa ƙwayar barci a kyamis. Nan take fuskar Dakta ta canza, ta ce a daina shan ƙwayar daga yau. Ta tambaya ko akwai mai ganin yadda yake barci. Babu, shi kaɗai yake kwana a turakarsa, Hajiyarsa kuwa ko ta ji wani abu kunya ba za ta bari ta faɗa ba.

Dakta ta ja ni gefe. Ta ce akwai ciwon da maƙogwaro ke toshewa in mutum ya yi barci, numfashi ya ɗauke, ya farka bai sani ba, ya koma, haka har gari ya waye. Ƙwayar barci tana iya hana shi wannan farkawar. Tabbatar da ciwon sai da na'urar da ake jona wa mutum ya kwana, mu kuwa ido kawai muke da shi. Ta ce a ba shi gado ya yi ƙailula, ni in zauna kusa.

Ya kwanta da rawaninsa. Minshari ya tashi, can sai ya yanke ƙat. Ƙirji yana ta ƙoƙarin ɗagawa, iska ba ta shiga, leɓe ya fara duhu. Wallahi a raina na ce shi ke nan, liman zai cika a hannuna. Har na miƙa hannu in girgiza shi, sai ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Kafin in gama hamdala abin ya sake dawowa. Da gudu na kira Dakta.

Ta tsaya ta gani, ta ce dole ta duba wuyansa. Akwai wata tsoka a gaban wuya, tayirod, wadda in ta kumbura muke ce wa maƙoƙo. In ta yi sanyin aiki, jiki yakan yi nauyi, harshe da naman maƙogwaro su yi kauri, kumburin kuma ya danne hanyar iska. Ta ce ita ba ta iya faɗa masa, ni ɗan unguwarsa ne, ni zan faɗa. A raina na ce sannu da adalci.

Da ya farka na durƙusa na gaishe shi.

"Allah gafarta Malam, likita tana so ta ga wuyanka."

Sai ya warware rawanin a hankali. Ga kumburi nan kamar lemo, ashe shi yake ta ƙara naɗi yana ɓoyewa.

"Na ɗauka kun sani," in ji shi. "Na zaci ciwon ajali ne, kuke jin nauyin faɗa mini."

Muka ɗebi jini muka aika babban asibiti. Sakamako ya ƙi fitowa, Sha'aban yana ta tafiya, kullum in na je sallah sai in ga dattawa suna ƙus-ƙus, ni kuma amanar aiki ta hana ni buɗe baki. Da ya fito, hasashen Dakta ya tabbata. Ta ba shi ƙwayar da zai sha kowace safiya, ta ce ya riƙa kwanciya a gefe. Ta kuma gaya masa gaskiya, sauƙi zai zo a hankali, kuma ba kowa ne ɗaukewar numfashin ke bari gaba ɗaya ba.

Azumi ya kama bai warware ba. Shi da kansa ya tara dattawan bayan La'asar, ya buɗe musu wuyansa, ya ce ciwo ne, yana kuma shan magani. Ƙarshe suka ce na'ibi ya yi riƙo kawai. Bayan babbar sallah Malam ya koma gaban sahu, ko da yake minsharin bai rabu da shi duka ba.

Abin da nake so ku riƙe, ku ƙannena, mutanenmu ba sa nuna ciwo sai an tambaya, manyanmu kuma su ne aka fi jin nauyin tambaya. Ka durƙusa, ka yi gaisuwa yadda ta kamata, sannan ka ce a buɗe maka wurin. Mu muna can muna girmama Malam, shi kuwa wata da watanni yana shirin mutuwa shi kaɗai.